Yaya zan samu abokai masu tara tsofaffin kayan yaƙi, mu riƙa haɗuwa ido da ido?

"Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Garwa. Kakana tsohon sojan Faransa ne, da ya rasu aka bar min lambobinsa da littafinsa na soja da wani tsohon takobi da ake cewa na mahaifinsa ne. Daga nan sha'awar abin ta shige ni har na fara sayen 'yan ƙananan abubuwa. Ina hira da wasu masu irin wannan sha'awa a WhatsApp amma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ina tsoron a cuce ni ko jami'an tsaro su ɗauke ni wani abu daban. Yaya ake samun abokan gaskiya a wannan harka, kuma yaya ake haɗuwa ba tare da an shiga matsala ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kakanka ya kyauta makwancinsa. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, ta farko wa zaka amince da shi cikin masu tara irin waɗannan kaya, ta biyu kuma a ina da yaya za a zauna tare a yankin da ganin takobi a jakar saurayi ma kaɗai ya isa a sauke shi daga mota a shinge. Tsoronka yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka ɗauki kaya ka nufi wajen wanda baka sani ba.

Matsayata dai ita ce, a wannan harkar tamu babu ofishin da zai buga maka hatimi yace wannan takobin na zamanin Rabe ne wancan kuwa bara aka ƙera shi a bayan kasuwa. A Turai suna da gidajen gwanjo da littattafan farashi da ƙwararrun da ake biya su duba kaya. Mu a nan abin da muke da shi mutane ne, idonsu da hannunsu da amanarsu, shi yasa wanda bashi da abokan zama a harkar nan kuɗinsa kawai yake zubarwa ko da ya kai shekara ashirin yana saye.

Me yasa mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba

Duba tsakanin Ngaundere da tafkin Chadi ka ga yaƙe-yaƙen da suka bi ta nan cikin shekara hamsin kacal. Rabe ya ci Borno a 1893 ya zauna Dikwa, ranar 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe shi a Kuseri, a ranar kuma kwamandansu Lami ya mutu, shine aka sa wa garin da ke tsallaken kogi suna Fort Lami har ya koma Njamena a 1973. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, a Janairun 1902 kuma kwamandansu Dominik ya gwabza da rundunar Lamiɗon Adamawa Zubairu a Marwa, dawakai da masu sulke da lifidi a gefe guda, bindiga mai ruwa a ɗaya gefen. Da yaƙin duniya na farko ya zo garinku Garwa sau biyu aka kai masa hari, a Agustan 1914 Jamusawa suka kori sojojin Ingila da suka taso daga Najeriya, sai ranar 10 ga Yuni 1915 Jamusawan suka miƙa wuya. A dutsen Mora kuwa kyaftin Fon Raben ya ƙi sauka tun 1914 har Fabrairun 1916, shine sansanin Jamus na ƙarshe da ya sallama a duk Kamaru. Sai yaƙi na biyu, Chadi ƙarƙashin gwamna Ebue ta bi De Gol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo baya washegari, daga nan kwamandan Faransa Lekler ya kwashi sojoji ya haura hamada ya ci Kufra ta Libiya a Maris 1941, kuma mafi yawan waɗanda suka yi tafiyar nan baƙaƙen fata ne irin kakanka.

Toh kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar nasa tarkacen a ɗakunan mutane, maɓallin riga, bel, jar dara, hular kwano, takardar sallama, kube, likkafa, garkuwa. Wata takardar da Faransanci take, wata da Jamusanci cikin tsohon rubutun hannun nan nasu mai wuyar karantawa, wani takobin kuma ayoyi ne aka zana masa da Larabci. A zaman da muke yi a Marwa akwai tsohon malamin makaranta da ke karanta mana takardun soja, akwai maƙeri wanda in ya ƙwanƙwasa ƙarfe da farce ya kasa kunne zai faɗa maka ko tsohon ruwan takobi ne ko sifirin mota aka buge, akwai baduku da ke gane ɗinkin kube na da, akwai kuma malamin da ke karanta mana Larabci da ajami. Ni ɓangarena takubba da sulke da lambobin yabo ne, in aka kawo takarda shiru nake yi in saurara. Babu wanda ya fi wani a cikinmu, kowa akwai inda yake zama ɗalibi, kuma ina ganin wannan ne yasa zumuncin ya daɗe.

Abin da hoto ba zai nuna maka ba

Sayen tsohon kayan yaƙi a hoton waya kamar sayen ragon layya ne a hoto, zaka ga ƙaho da launi amma baka ɗaga shi ka ji nauyi ba. Ɗauki sulke misali. Tsohon sulke na gaske in ka kawo shi hasken rana ka buɗe zoben da yatsa zaka ga an daddale bakin kowane zobe an huda an sa masa 'yar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero an danne, dubban zobba haka, ɗaya bayan ɗaya. Na baya-bayan nan kuwa lanƙwasa waya kawai ake yi baki ya haɗu da baki. Amma ko a nan sai da hattara, don akwai sulken da aka yi a Sudan a ƙarni na 19 wanda shi ma bashi da ƙusa, kuma tsoho ne na gaske, saboda haka rashin ƙusa kaɗai bai isa ka ƙaryata mutum ba, sai ka duba kaurin wayar da yadda ta cinye a kafaɗa da wuya inda jiki ke goga.

Takobi ma haka. Da yawa daga cikin ruwan takubban da suka shigo ƙasashen nan daga Solingen ta Jamus aka kawo su ta hamada, maƙeranmu suka sa musu ƙota da kube, kuma alamun da ke jikinsu, irin jinjirin wata biyu masu fuska ko wata dabba da ke gudu, maƙeran gida ma sun kwaikwaya tun zamanin da, don mai saye yana son ganinsu. Kaga kenan alama kaɗai bata yanke hukunci. Sai ka riƙe shi, ka ɗan lanƙwasa ka ga ko zai koma daidai, ka duba tsatsar, don tsatsar shekara ɗari baƙa ce ta shige cikin ƙarfe ta kwanta, wadda aka yi da ruwan batir ko aka binne cikin ƙasa wata biyu kuwa ja ce tana zuba a hannu kuma ko'ina iri ɗaya. Wallahi wannan ba a koyonsa da karatu, sai wani ya miƙo maka na gaske da na jabu a lokaci guda yace riƙe ka ji.

Su lambobin yabo akwai abin da ya kamata ka sani don ya shafe ka kai tsaye. Na Ingila na yaƙin farko an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a jikinsu, shi yasa in ka samu na wani da ya yi Nigeria Regiment zaka iya bin sawunsa. Na Faransa kuwa, irin Croix de guerre da Médaille coloniale mai 'yan ƙarafa a kan ƙyallen da aka rubuta Koufra ko Fezzan, galibi babu suna a jiki, takardar shaidar da ta zo da su da littafin soja su ne ke haɗa lambar da mai ita. Don haka duk wanda yace maka sayar min da lambobin ka riƙe littafin, ko akasin haka, ka san ba abokinka bane, ya raba abin da ƙimarsa a haɗe take.

Inda ake samun mutanen

Ka fara da gida. Tsofaffin matan gidanku, kakarka in tana raye ko ƙannen kakanka, su suka san wa ya tafi soja tare da shi, wa ya dawo, gidan wa yake zuwa hira. 'Ya'ya da jikokin waɗannan mutanen su ne abokanka na farko, don suma akwai adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado da irin kayan, kuma tsakaninku akwai sanayyar iyaye wadda ta fi duk wata shaida. Bayan nan akwai ofishin tsofaffin sojoji, akwai ranakun tunawa da yaƙe-yaƙen duniya irin 8 ga Mayu da 11 ga Nuwamba, akwai hawan sallah a ƙofar Lamiɗo inda zaka ga lifidi da kwalkwali da masu a jikin mutane da dawakai suna motsi, kuma in ka yi haƙuri bayan an sauka ka gaida dattawan da ke kula da kayan da ladabi zaka sha mamakin abin da zasu faɗa maka. Kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi tana kusa da kai, akwai kuma cibiyar masu sana'ar hannu a Marwa, amma can ka je da niyyar kallo da gaisawa, yawancin abin da ke kan tebur don baƙi aka yi shi kuma masu sayarwa na kirki ba sa ɓoye hakan in ka tambaya. In Allah ya kai ka Njamena ka shiga gidan tarihi na ƙasa ka ba idonka abinci.

Su mutanen WhatsApp ɗin kar ka yar da su, akwai na kirki a ciki. Ka lura da wanda ke amsa tambaya ba tare da ya tallata maka komai ba, da wanda yake iya cewa wannan ba fannina bane tambayi wane. Irin wannan shi zaka nema, ka tambaye shi unguwarsu da wanda ya san shi, ka je ka gaishe shi a shagonsa ko ƙofar gidansa da rana, hannu biyu, ba kaya ba kuɗi, sai dai fotokofin shafin farko na littafin kakanka. Zumunci a ƙafa yake. Dattijon da ka taka ka je ka gaishe shi sau biyu sau uku baka nemi komai ba, shi da kansa wata rana zai shiga ɗaki ya fito da abin da bai taɓa sa wa a waya ba.

Yadda muke zama

Mu kam a zauren babbanmu muke haɗuwa, bayan la'asar, a watse kafin magariba, kuma bama wuce adadin da tabarma biyu zata ɗauka. Baƙo baya zuwa sai wani a cikinmu ya kawo shi ya tsaya masa. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, ana dafa shayi can gefe nesa da takardu, kowa ya kawo abu ɗaya ko biyu kawai, don in kaya suka yi yawa hira bata zurfi kuma a nan ne abu ke ɓata a rasa wa za a tambaya. Ba a taɓa kayan mutum sai ya miƙo. Takobi da ƙota ake miƙa shi, mai shi ne ke zare shi daga kube don shi ya san inda fatar ta yi rauni, kuma ba a sa yatsa a kan ruwan saboda gumin hannu yana barin tabon tsatsa. Ba a ɗaukar hoto sai da izini, wanda aka ɗauka ma ba a sa shi a intanet da sunan unguwa.

Akwai ladabi guda da nake so ka riƙe da kyau don shi ne ya fi raba abokai. In ka gane abin da mutum ya kawo jabu ne, kar ka faɗa a gaban jama'a. Sau da yawa abin gadon ubansa ne, ya taso yana jin cewa kakansa ya riƙe shi a yaƙi, ko kuma ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ka bari a tashi, ka raka shi bakin hanya, ka nuna masa abin da ka gani da dalilinka, ka kuma bar masa ƙofar ya tambayi wani. Na ga dattawa biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya sun daina gaisawa saboda kalma ɗaya da aka yi a cikin taro kan wata garkuwa, abin har yau yana damuna. Gaskiya dole a faɗe ta, yin shiru ma cuta ne, amma akwai wurin faɗa.

A irin zaman nan ne kuma zaka koyi ajiya, wadda ita ce ta fi kashe kaya a ƙasarmu. Hunturu yana busar da fata ta tsage, damina tana kawo tsatsa, gara tana cin takarda cikin dare ɗaya. Kar ka goge takobi da yashi ko toka ko sanfefa don ya yi ƙyalli, ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa. Lambobin kar a wanke su, ƙyallensu ko ya koɗe a bar shi. Takardu kuma don Allah kar ka kai a liƙe su cikin roba da zafi, in an yi an gama ba a cirewa, ka yi fotokofi ka ajiye na asalin a ambulan cikin akwatin ƙarfe sama da ƙasa.

Maganar tsaro da hukuma

Nan ba wurin wasa bane. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo Arewa Mai Nisa a 2014 jami'in da ke shinge bashi da lokacin tantance tsohon abu da sabo, kuma ba zan ga laifinsa ba. Kamaru tana da dokar makamai ta Disamban 2016, sa kakin soja ga farar hula kuma haramun ne, to ka bar tufafin soja a akwati, kar ka sa ko don hoto. Mu a zamanmu bindiga bata shigowa ko da ta zamanin Rabe ce ko adakar maharba, harsashi ma haka. Ni bana harkar bindiga sam, duk mai son ajiye ta ya je wajen hukuma da lauya tukuna, ba bakina za a ji wannan ba. Gurneti ko ƙwanson igwa ko duk wani ƙarfe da aka tono daga ƙasa baka san cikinsa ba, kar ka taɓa, kar ka saya, a sanar da jandarma. A arewacin Chadi wajen Wadi Dum da Fada har yanzu akwai nakiyoyin da suka rage daga yaƙin Libiya na 1987, suna kashe mutane, tsufa baya kashe musu ƙarfi.

Kafin ku fara zama ku je ku gaida lawan ko jauron unguwa da Sarkin Hausawa ku faɗa musu ko ku su waye da abin da kuke yi, gara su ji daga bakinku da su ji daga maƙwabci. In abin ya girma har kuna son baje koli a makaranta ko wani zauren jama'a, dokar taro ta Disamban 1990 ta ce a sanar da sufurfe, wato jami'in mulkin gunduma, kwana uku kafin ranar, kuma a lokacin ya fi kyau ku yi rajistar ƙungiya. Tafiya tsakanin gari da gari kuwa, Garwa zuwa Marwa kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne da shingaye a hanya, ka ɗauki hotuna da fotokofi ka bar ƙarfe a gida, wanda yake son ganin takobinka shi zai zo. Tsallaka gadar Ngeli da tsohon kaya zuwa Njamena ko fita da shi Najeriya kuma maganar kwastan ce da dokar kayan tarihi ta 2013, kar zumunci yasa ka ɗaukar wa wani saƙon da baka da takardarsa. Ziyarar dutsen Mora tana da daɗi in an je tare, amma sai kun tambayi mutanen garin da hukuma halin da ake ciki a makon.

Ciniki tsakanin abokai

Ciniki zai shigo ko ana so ko ba a so, abin da muka yi shine muka fitar da shi daga zaman. Wanda ya ga abin da yake so ya bi mai shi gida wata rana. In zaka sayar ka fara tallata wa abokan zama kafin bare, a yi da shaida, a rubuta abin da aka sayar da inda mai shi ya samo shi, kuma in daga baya ya tabbata jabu ne a mayar da kuɗi ba gardama. Dillali ya faɗi la'adarsa a fili. Abu biyu ne bama saye ko nawa aka karya farashi, kayan fada da wani yaro ya fito da su a ɓoye, don wannan na al'umma ne ba na mutum ɗaya ba, da kuma lambobi ko takardun da gwauruwar tsohon soja ta kawo saboda yunwa ko asibiti. Mutanen nan Faransa ta daskarar musu da fansho tun 1959 suna karɓar abin da bai kai na takwarorinsu na Faransa ba, sai a 2011 aka daidaita gaba ɗaya lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, toh a zo kuma a karɓe 'yar lambar da ta rage a kuɗin buhun masara? Gara a haɗa mata abin da ya sawwaƙa a bar mata kayanta.

Inda na fi ganin amfanin abotar nan shine ranar da ɗayanmu ya rasu. Magada basu san ƙimar abin da ke ɗakin ba, 'yan gwangwan da dillalai kuwa tun ranar uku suke fara zagaye. Abokan zama su ne ke zuwa bayan an share makoki su zauna da babban ɗa da malamin rabon gado, su rubuta komai ɗaya bayan ɗaya, su faɗi wanne ne na gaske wanne ne na kasuwa, wanne aro ne za a mayar wa mai shi. Shi yasa kowannenmu yake da littafi da yake rubuta abin da ya mallaka da inda ya fito, kai ma ka buɗe naka tun yanzu da kayan ke da kaɗan.

Game da takobin naku ba zan yanke maka hukunci daga nan ba, sai na riƙe shi ko wani da na yarda da idonsa ya riƙe. Abin da zaka iya yi a wannan makon shine ka buɗe littafin sojan ka kwafe lambarsa ta soja da shekarar da aka ɗauke shi da sunan rundunarsa da garuruwan da aka rubuta ya bi, sannan ka zauna da tsofaffin gida ka ɗauki muryarsu a waya suna ba da labarin takobin, wa ya ƙera kuben, wa ya riƙe shi kafin mahaifin kakanka. Da waɗannan a hannu ka je gaisuwarka ta farko. In kuma hanya ta kawo ka Marwa ka yi min magana kwana biyu kafin ka taso, zan tsaya maka a zauren in sha Allah.